Batsari, Safana da 'Ya'yansu na Nesa

Ƙasar da ke yamma da birnin Katsina ƙasa ce ta jigawa da duwatsu da 'yan fadamu. Idan mota ta bar gari ta kama hanyar Batsari, ba a jimawa sai gonaki su buɗe hagu da dama, ga kuka, ga gawo, ga ɗorawa jefi-jefi, can nesa kuma duwatsu baƙaƙe a durƙushe kamar raƙuman fatake da aka sauke wa kaya. Tafiyar kamar ta awa guda ce in hanya lafiya. Amma an yi shekaru wannan 'yar tafiya sai mutum ya yi sallama ta gaske da iyalinsa kafin ya shiga mota, direbobi kuma ba su yarda la'asar sakaliya ta riske su a kanta ba.

Wannan ita ce ƙasar Ruma. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, kuma daga nan Ɗanwaire ya fito, barden ƙarshen ƙarni na 19 da ake wa kirari da gwanki sha bara. Wanda ya karanta littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina, wanda aka buga a 1981, ya san cewa yankin ya daɗe yana zaman bakin daga. Bayan jihadi nan ne iyaka tsakanin Katsina da Katsinawan da suka koma Maraɗi, kuma a shekarun 1840, zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, an yi wani bore a wannan shiyya, aka murƙushe shi da ƙarfi, garuruwa suka watse, daji ya cinye kufansu. Ke nan ba yau ƙasar ta fara ganin mutanenta da kaya a ka ba. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne, ƙasar tana da 'ya'ya masu yawa a nesa, masu albashi da masu sana'a, kowa da waya a aljihu. A kansu nake son yin magana, da abin da suka yi, da abin da ya gagare su.

Na isa Batsari ranar Alhamis, ranar da kasuwarta ke ci. Kara ta cika da awaki da tumaki, ga rogo da dankali tsibi-tsibi, ga masu awo suna ta cika kwano suna zubawa. Baƙo zai ce ai komai ya wuce. Sai ka zauna a rumfar mai shayi ka lura da matan da ke bin bayan masu loda buhuna suna tsince ƙwayar da ta zube, ka lura da yawan yaran da ke riƙe da gefen zanen uwa, ka ji kuɗin hayar ɗaki guda a garin da a da ake ba baƙo masauki kyauta, sannan za ka gane cewa garin ya haɗiye ƙauyukansa, bai kuma gama narkar da su ba.

Masu karatu ba su manta ba, amma ya kamata a riƙa maimaitawa. A watan Mayu na 2019 aka kashe mutum 18 a 'Yargamji, aka ɗauko gawarwakinsu a mota har cikin birnin Katsina don masu mulki su gani da idonsu. Ranar 14 ga Fabrairu, 2020, aka auka wa Tsauwa da Dankar, 'yan sanda suka ce mutum 30 aka rasa, cikinsu har da tsofaffi da ƙananan yara. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka taƙaita cinikin dabbobi da sayar da mai a jarka. Watanni aka yi mai son jin muryar mahaifiyarsa sai ya jira wani ya fito gari ya kawo masa labari.

A duk waɗannan shekaru, duk lokacin da wani ƙauye ya kwararo cikin gari da dare, tuwon farko daga gidajen maƙwabta yake fitowa. Kafin motar hukumar agaji ta iso, kafin a ɗauki sunaye a azuzuwan firamare, matan gari sun riga sun ɗora sanwa. Na biyu a layi su ne 'ya'yan gari na nesa: malamin makaranta a Kaduna, bakanike a Kano, mai shayi a Agege, ɗan acaɓa a gefen Abuja, soja a Maiduguri, da ɗaiɗaikun da Allah ya kai Saudiyya ko Ingila. Yadda abin ke tafiya kowa ya sani. Labari ya faɗo zauren WhatsApp na 'yan gari, a yi ta salati da addu'a, sai wani ya ce jama'a addu'a kaɗai ba ta isa ba, a sa lambar asusun wani mutum da aka yarda da shi. Wannan ya turo dubu biyu, wancan dubu hamsin. Kafin kwana uku an sayi masara da tabarmi da sabulu, an biya mai POS ladansa, an raba. Wasu daga cikin waɗannan zaurukan sun girma sun zama ƙungiyoyin ci gaban gari masu shugaba da sakatare, kuma muryarsu ce aka riƙa ji a jaridu da gidajen rediyo lokacin da masu riƙe da muƙamai suka fi son a yi shiru. Wannan kaɗai ya isa a gode musu. Faɗar adadin gawa a fili, a lokacin da ake ƙaryata ta, aikin jarumta ne.

Ba baƙon abu suka ƙirƙiro ba. Gayya ce ta koma cikin waya. Mutanen da kakanninsu ke haɗuwa su nome gonar marar lafiya, su yi wa gwauro jinka, su kai gudummawa gidan biki, su ne jikokinsu ke tura kuɗi ta banki. Ɗan cin rani ma tun fil azal da abin hannunsa yake komawa gida.

Sai dai akwai wata gidauniya da ta fi kowace girma a wannan yanki, wadda ba a ɗaukar hotonta, ba a kuma rubuta ta a allo: kuɗin fansa. Ban san gidan da na zauna a Batsari aka rasa labarinta ba. A ɗauke magidanci daga gona ko matar aure daga ɗakinta, a kira waya a yanka kuɗi, a yi ta ciniki kamar ana sayen sa, wani lokaci a ƙara da babur ko katin waya. A sayar da gona, a sayar da shanun huɗa, a sayar da gadon amarya, abin bai kai ba, sai a juya ga na nesa. Na tabbata da za a tara abin da ma'aikata da 'yan ƙwadago 'yan asalin wannan shiyya suka tura don karɓo 'yan'uwansu, da ya ninka abin da suka taɓa tarawa don makaranta da asibiti sau da yawa. A watan Afrilu na 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran doka da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga mai biyan fansa. Hujjar a fili take, kuma gaskiya ce: kowace naira da ta shiga daji harsashi take zama. To amma wa zai tsaya gaban dattijon da aka ɗauke wa ɗiya ya karanta masa wannan hujja? Ni dai ban iya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, zumuncin da muke taƙama da shi, shi ne ɓarayin suka mayar saniyar tatsa. Sun san Bahaushe ba ya barin nasa, a kan wannan sanin suka kafa kasuwarsu.

A nan ne wata al'umma da ke can wata uwa duniya take faɗo mini a rai. Shekarun baya wani taron ƙara wa juna sani ya kai ni jihar Massachusetts ta Amurka, wani abokin aiki ya ja ni zuwa bikin wasu mutane 'yan asalin Fotugal. Akasarinsu daga Azores iyayensu suka zo, tsibirai tara a tsakiyar Tekun Atilantika, ƙasar manoma da masunta da makiyaya wadda talauci ya daɗe yana kora 'ya'yanta. A ƙarni na 19 jiragen farautar manyan kifayen teku na garin New Bedford suka fara kwasar samarinsu, daga baya masaƙun auduga na New Bedford da Fall River suka ja iyalai dungurungum. Mutane ne da suka sauka ba Turanci, ba kuɗi, da yawansu ba karatu.

Bikin na addininsu ne na Kirista, suna kiransa bikin Ruhu Mai Tsarki, suna kuma danganta asalinsa da Sarauniya Isabel ta Fotugal da ta rasu a 1336, wadda suke tunawa da ciyar da matalauta. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne cin abincin. Ana yanka shanun da mambobi suka bayar, a dafa romo a manyan tukwane, a zuba a kan burodi, a jera tebura, duk wanda ya shigo a ba shi ya ci ya ƙoshi, ba a tambayarsa ƙabila ko addini, ba ya biyan ko sisi. Wannan bai ba ni mamaki ba. Ɗan ƙasar da ake sadakar fura da kunun azumi ba zai yi mamakin ciyarwa ba. Abin da ya tsayar da ni bangon zauren ne. An jera sunayen shugabannin ƙungiyar, kowa da shekarun da ya yi, wannan ya sauka wancan ya hau, tun zamanin kakanni. Ginin nasu ne, da kuɗin wata-wata na ma'aikatan masaƙa aka saye shi. Suna da ma'aji da ke karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban taro. Daga wannan asusun ake taimaka wa iyalin mamaci, ake ba 'ya'yan mambobi tallafin karatu, a zauren kuma ake koya wa sabon zuwa yadda zai nemi takardar zama ɗan ƙasa ya yi rajistar zaɓe. A Kaliforniya irin waɗannan ƙungiyoyin taimakon juna sun faro tun 1868, matansu ma suka kafa tasu a 1898 da sunan waccan sarauniya.

Ranar da wannan tsari ya nuna amfaninsa ita ce lokacin da dutse ya yi aman wuta a tsibirin Faial a 1957, toka ta binne gidaje da gonaki. 'Yan'uwansu na Amurka suka aika da agaji, amma ba su tsaya nan ba. Suka matsa wa wakilansu lamba, har Sanata John Kennedy na Massachusetts da Sanata John Pastore na Rhode Island suka tsaya aka yi doka ta musamman a 1958 da ta buɗe wa waɗanda abin ya shafa ƙofar shiga Amurka. 'Yan siyasar sun saurare su ne don sun san ƙuri'unsu a dunƙule suke, kuma akwai zauren da za a tuna wanda ya yi da wanda ya ƙi.

Mu fa? A shekarun da aka fi zubar da jini a Batsari da Safana, ɗan jihar Katsina ne ke kan kujerar shugaban ƙasa, daga 2015 zuwa 2023. Ba mu rasa manya ba, ba mu kuma rasa masu kyauta ba. Zauren da zai riƙe alkawari ya bibiye shi shekara da shekaru muka rasa.

Ba na son in cuci mutanenmu da kwatancen da bai yi daidai ba. Ma'aikacin masaƙar Fall River yana da albashin mako, yana ƙasar da kotu ke aiki, kuma ba wanda zai sace ma'ajin ƙungiyarsa. A nan, sunan mutum ya fita cewa shi ke riƙe da kuɗin jama'a, ko cewa ɗan gidan wane ya ba da rabin miliyan, tamkar an manna wa gidan alama ne, domin infoma a cikin gari yake kwana. Wani ma'aikacin gwamnati ɗan yankin ya faɗa mini cewa shekara biyar yana aika kuɗi gida ta hannun mutum uku daban-daban don kada a gane daga ina suke fitowa, ya kuma daina zuwa Sallah da motarsa. Saboda haka rufa-rufar da ke cikin aikin gayyarmu ba duka ba ce rashin gaskiya. Wata kariyar kai ce. Amma ɓoye sunan mai bayarwa daban, ɓoye jimillar abin da aka tara daban. Na farko hikima ce a irin wannan zamani. Na biyu kuwa shi ke kashe ƙungiya, don ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa buhu ɗari aka saya tamanin suka iso, ko da ƙarya ne, ba littafin da za a buɗe a wanke mutum. Daga nan sai masu zuciya su fice daga zauren ɗaya bayan ɗaya, a bar masu tura gaisuwar Juma'a.

Kada kuma a ce tsari ba halinmu ba ne. Bahaushe ya kafa zango daga Kumasi har Sudan. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda masanin nan Abner Cohen ya rubuta littafi a kanta a 1969, ta tsaya ne a kan masu gida da ke saukar da fataken shanu da goro, su ajiye musu kuɗi, su tsaya musu lamuni, ba takarda ba lauya, amana kawai da tsoron zubewar mutunci. Abin lura shi ne duk wannan tsari fuskarsa na kallon hanya ne, wato baƙon da ya iso. Ba a gina shi don ya ɗauki nauyin garin da aka baro ba, saboda a wancan zamani gida shi ke ciyar da kansa, har ya aiko wa na nesa da gero da daddawa. 'Yan'uwanmu na kudu su suka riga mu juyar da fuskar zuwa gida: ƙungiyar Ibibiyo ta tura ɗalibai karatu ƙasashen waje da kuɗin karo-karo tun 1938, garuruwan Ibo kuwa da yawa ƙungiyoyinsu ne suka gina musu makarantun sakandare. Namu 'yan Arewa mazauna Amurka suna da ƙungiyar Zumunta, amma ita ta Arewa ce baki ɗaya. Gawa kuwa a ƙauye take faɗuwa, mai suna, mai unguwa.

Safana na je ta ne ta Dutsin-ma, tare da wani tsohon ɗalibina ɗan yankin. Gari ne da ya fi Batsari shiru, mazaunin Yariman Katsina, kuma daga shi ka nufi Runka ka fara jin iskar dajin Rugu. A hanya mun wuce shingayen sojoji da na askarawan tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, samari ne 'yan yankin, wasu da gani ka san ba su daɗe da barin makaranta ba. A nan ma akwai ranar da ba a mantawa, 18 ga Afrilu, 2020, lokacin da aka kai hare-hare a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma a lokaci guda, 'yan sanda suka ƙirga mutum 47.

A wani ƙauye ɗalibin nawa ya nuna mini rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Ga tanki a sama, ga famfuna shida a jere, ga allon siminti ɗauke da sunan ƙungiyar da ta gina da na babban baƙon da ya buɗe. Ba ɗigon ruwa. Injin ya ƙone, kuma kuɗin gyaransa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka kashe wajen ginin ba. 'Yan mata na wucewa ta gabanta da jarkoki zuwa rafi, wato daidai wurin da iyaye ke fargabar tura su. Na gaida wani dattijo da ke zaune a gindin bedi kusa da wurin, na ce, "Baba, ba a sanar da waɗanda suka gina ba?" Ya dube ni ya ce, "Malam, masu kawo abu suna da yawa, Allah shi saka masu. Mai dawowa shi ga ko abin na nan, shi ne ba mu gani ba."

Ba wanda zai kira 'yan jarida don ya canza inji. Ga shi kuma mun saba da alherin da ake yanka masa kyalle. Haka shinkafar azumi, haka atamfar marayu ta Sallah, a jera yara a rana, kowa ya rungumi ledarsa, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ban raina ba. Wanda ya kwana da yunwa ba ya raina mudu. Amma na lura alherin yakan yi yawa a shekarar da zaɓe ke matsowa, kuma ƙungiyoyi nawa ne suka rabe biyu saboda shugaban ya fito takarar kansila ko ciyaman, ma'ajin kuma yana bayan abokin hamayyarsa?

Tsari mafi ƙarko da na gani a tafiyar nan gaba ɗaya a wani soro na gan shi, a hannun wata uwar adashi da aka kashe wa miji. Mata ne 'yan gudun hijira da na gari, masu ƙuli-ƙuli da masu awara da masu surfe, suna zubi duk mako. Ba ta yi boko ba, ɗanta ke rubuta mata a littafin makaranta, amma ta san zubin kowa a ka. In ɗan wata ya kwanta ciwo, sai a matso mata da ɗaukarta, sauran su yi haƙuri. Ta ce ko a watannin da aka datse waya ba su fasa ba ko sau ɗaya. Na tambayi ɗalibina ko akwai mace a shugabancin ƙungiyar ci gaban garinsu. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ko a zauren ma ba a sa su ba." Alhali zawarawa da marayun da ake tara kuɗin dominsu, waɗannan matan ne suka san ɗakin da kowace ke kwana da abin da ta ci jiya.

Akwai kuma tambayar da ba a son yi, ita ce wane ne ɗan gari. Dajin nan da ake tsoro yau, a shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe yankin Ruma da Kukar Jangarai don kiwo, aka yi madatsun ruwa da wuraren kula da lafiyar dabbobi a shiyyar Runka, da nufin makiyayi ya zauna wuri guda. Aka bar abin ya lalace, gonaki suka ci burtali, madatsai suka cike da yashi. An kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya a 1989, amma je ka nemi makarantunta a bakin Rugu ka ga abin da ya rage. Yaran da suka tashi a wannan kufai, ba allo ba boko, wasunsu su ne suka ɗauki bindiga. Ba daga sama suka faɗo ba, a kasuwannin nan iyayensu mata ke sayar da nono. Kuma Fulani da yawa da ba su ji ba su gani ba an kore musu shanu, wasu 'yan sa-kai sun kashe su a hanyar kasuwa don kamanninsu kawai. Ban ji ƙungiyar ci gaban gari da ta kai buhu ɗaya ruga ba. Ba zan ce wa matar da aka yanka mijinta a gabanta ta yi wannan tunani ba, ba ni da bakin faɗa mata. Amma mu da muke zaune a Zariya da Kano da Abuja, muna kwana ba mu jin harbi, nisan da muke da shi ai don irin wannan yake da amfani. Yaron ruga mai shekara bakwai a yau, nan da shekara goma ko dai yana aji ko yana kan babur.

Tun daga farkon 2025 al'ummomi a Batsari da Jibiya da Safana da wasu ƙananan hukumomi suka shiga sulhu da mutanen daji. Jama'a na magana a kansa da rabin baki, don sun ga na zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, har da na 2019 da gwamnan ya shiga daji da kansa, sun kuma ga yadda ya watse. Duk da haka mutane sun fara komawa gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba, kuma nan ne buƙata ta sauya kama. Mai komawa kufai iri yake nema, da taki, da garma, da kwanon rufi, da wanda zai ranta masa shanu. Lokacin buƙatarsa kuma ba ya bin kalandar bukukuwanmu. Azumi yana zagayawa, amma yunwar manomi tana nan inda take, daga faɗuwar ruwa zuwa fitar sabon gero, lokacin da rumbu ya ƙare, sauro ya yi yawa. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shida na farkon 2025 saboda tamowa. Waɗannan su ne aka iya kaiwa asibiti.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Mutum 500 'yan ƙaramar hukuma guda, kowa ya ba da naira 1,000 a wata, an sami miliyan 6 a shekara, ba a roƙi ɗan siyasa ba. Kuɗin ba zai gina asibiti ba, amma zai gyara kowace rijiyar da ta tsaya, ya sayi iri a kaka lokacin da yake da araha a raba a bazara. A yi rajista, a buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi washegarin Sallah lokacin da na nesa suka zo gida, a rubuta a tsarin mulki cewa mai neman takara ya ajiye muƙami tukuna. Wanda Allah ya hore wa ya yi wakafin shago ko gona, abin da addini ya tanada tun da daɗewa muka bar shi a littafi. Ɗalibaina 'yan waɗannan garuruwa, a jami'o'in Katsina da Dutsin-ma da Kano da Zariya, suna da ƙungiyoyinsu masu tsarin mulki da zaɓe da miƙa mulki duk shekara, har da rigimar ma'aji. Sun iya abin sarai. Sai dai ranar da suka karɓi takardar kammalawa suke ajiye shi tare da rigar bikin.

Kafin mu bar yankin Safana mun tsaya a gonar wani magidanci, ɗan'uwan mahaifin ɗalibina. Bijimansa biyu ya sayar shekara uku da suka wuce ya karɓo matarsa. Yanzu ya dawo, shi da 'ya'yansa biyu, suna sassabe da gatari da fartanya a gonar da geza da sabara suka mamaye. Ya nuna mana iyakarta da hannu, can wajen wata tsamiya. Abin da suka share bai kai sulusi ba, kuma a lissafinsa saura kamar mako shida ruwan shuka ya sauka.